Kifin Juma'a na Abdul-Ganiyu

Duk wanda ya shiga Sanaiya, unguwar garejojin Doha, ya ce yana neman wani baƙin mutum mai faɗin ƙofar shago, wurin Abdul-Ganiyu za a kai shi. Mutumin Nima ne ta birnin Accra, shugaban makanikai a wani gareji, ya ba shekara arba'in baya amma ba a faɗin haka a gabansa. Matarsa Fausatu da yara suna can gida Gana. Abin da ya mallaka a Qatar bai wuce ɗaki guda da tsohuwar fikof ta kamfani ba, sai kuma suna. Sunan nan kuwa ya fi ba shi kulawa fiye da motar.

A filin ƙwallon Amurka ya samo shi. Wani Ba'amurke ne ya kawo mota gyara shekarun baya, ya ga Abdul-Ganiyu ya rungumo giyar mota shi kaɗai ya ajiye a kan tebur, nan take ya manta da abin da ya kawo shi. Ya gayyace shi wasan da suke yi da safiyar Juma'a. Wasa ne da ake kira ƙwallon ƙafa, amma ƙafa sai ta yi sa'a take taɓa ƙwallon, ita kanta ƙwallon kamar gwandar da ba ta nuna ba. Manyan mutane masu iyali su sa kwalkwali, su cusa katifa a kafaɗa, su yi ta karo da juna kamar raguna, sannan su tashi su rungumi juna. Abdul-Ganiyu ya duba ya ga an ƙirƙiro wasan da ba a neman komai daga gare shi sai ya tsaya ya hana mutane wucewa. Ya ce ai tun yana yaro yake wannan a layin famfo.

Ba'amurken ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu, ya bar musu kwalkwali da ciwon kafaɗa. Ƙungiyar ta ci gaba da sunan Raƙuman Sanaiya: 'yan Zangon Gana, da 'yan Najeriya, da wasu 'yan Filifin da ba a san abin da ya kai su ba. Abdul-Ganiyu ya zama babba. Kuma babba ba ya rasa labarin da yake ba yara.

Nasa labarin na gwiwa ne. A shekararsa ta uku a wasan wani ƙato ya faɗa masa a gwiwar dama, aka yi masa aiki, likita ya ce ya manta da fili sai baɗi. Shi kuwa ɗinki bai gama bushewa ba ya ɗaure ƙafar da bandeji ya koma, aka kuma ci wasan. Wannan gaskiya ne. Sai dai kowace shekara ƙaton yana ƙara girma, kwanakin jinyar suna raguwa, har ya kusa kai inda daga teburin tiyata ya wuce fili. Duk sabon ɗan wasa sai ya sha labarin nan kafin a ba shi kwalkwali.

Ƙarshen labarin ne ba ya bayarwa. Tun daga wannan shekarar gwiwar ta daina lanƙwasawa yadda ya kamata. Tana iya tafiya, tana iya tsayuwa ta tokare mutum, amma ba ta durƙusawa. A gareji yana sa yara su shiga ƙarƙashin mota yana tsaye yana ba da umarni, ana cewa girma ne. Sallolinsa na kullum a cikin sito yake yi, ya turo ƙofa, ya zauna a kan jarkar mai. Juma'a ce matsalar, don ita ba a yin ta a sito. Shi ya sa da an tashi daga fili, kowa ya nufi masallacin Sanaiya, shi sai ya tada fikof ya miƙi hanyar Al Wakrah, wai kifin can ne kaɗai cikinsa ke karɓa. Shekara da shekaru ana yaba masa da sanin kifi.

Abin dariyar shi ne, shi ya kafa wa ƙungiyar dokar dawowa daga jinya. Duk wanda ya ji ciwo a ƙafa ba zai sake sa kwalkwali ba sai ya yi sallar Juma'a a tsakiyar tsofaffin 'yan wasa biyu, sun ga sujadarsa, sun ga ya naɗe ƙafa ya zauna tahiya bai miƙe ta ba. Dalilinsa mai kyau ne. Bahaushe ko ƙafar na hannunsa aka tambaye shi ya jiki zai ce da sauƙi, amma tahiya ba ta san kara ba. Mai dokar dai bai taɓa halartar gwajin ba, yana can wajen kifi.

Sai Muttaka ya zo. Ɗan Aboabo ne a Kumasi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, siriri, idan ya rungumi ƙwallo ya zura sai dai a bi shi da addu'a. Aikinsa hawa tsani ne da tsugunno a kan rufin gidajen mutane cikin zafin da ke narka takalmi. Abdul-Ganiyu ya so yaron tun ranar farko, ya nuna masa son ta hanyar da ya iya, wato yi masa tsawa. A ƙarshen kakar bara gwiwar Muttaka ta hagu ta murɗe, aka yi masa aiki. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya yi haƙuri ya riƙe shi a shago yana miƙa sukurdireba har ya fara takawa, amma ya gaya masa a fili cewa idan ƙafar ta sake lalacewa, tikitin Kumasi ne zai biyo baya. Mai gyaran sanyi da ba ya hawa tsani ba shi da amfani a Doha.

A watannin jinyar Abdul-Ganiyu ya yi abin a yaba. Yana ɗaukar yaron zuwa gashin ƙafa, yana tsayawa a kansa yaron na ɗaga ƙafa da robar taya, yana kawo masa farfesun ƙafar saniya, wai ƙashi ƙashi yake nema. Kuma a duk zaman da suka yi, don ya ƙarfafa masa zuciya, sai ya sake ba shi labarin bandeji.

Yaron kuwa ya haddace. Da aka sa ranar karawa da 'yan Al Mirqab, ma'aikatan ofis masu sababbin takalma da suka saba lallasa Raƙuma, Muttaka ya ce ya warke. Aka kai shi gwaji, ya yi sujada, ya naɗe ƙafa ya zauna daram. Yusif, tsohon ɗan wasan da ya tsaya a damansa, ya kawo rahoto cewa ko gira yaron bai motsa ba.

Abdul-Ganiyu ya ji rahoton gabansa ya faɗi, don ya san yadda ake hana gira motsi. Juma'ar da ta biyo baya, saura mako guda wasan, ya zuba wa Muttaka ido a wajen atisaye. Ya ga yadda yake sauko da ƙafar dama tukuna daga mota, da yadda yake juyawa da jiki duka maimakon ya murza a kan ta hagu. Duk dabarun nan ya san su, shi ne ma malaminsu.

Jethro ya same shi a bakin fili. Nas ne daga Kafanchan, yana aiki a wani asibiti, kuma shi ne mai buga ƙwallon da ƙafa, wato shi kaɗai a ƙungiyar ke yin abin da sunan wasan ya ce.

"Oga Ganiyu, yaron nan bai warke ba. Na gaya masa ya ƙara wata uku, ya ce kai ko wata ɗaya ba ka yi ba."

"Zan yi masa magana."

"Maganarka ce ta kawo mu nan," in ji Jethro. Ya ɗan duƙar da kai ya kalli takalman Abdul-Ganiyu. "Ni dai ban taɓa ganin ka tsuguna ka ɗaure igiyar takalmi ba. Kullum sai ka ɗora ƙafa a kan bambar mota. Amma ni mai allura ne kawai, me na sani?"

Abdul-Ganiyu ya yi kamar bai ji ba, ya ƙwala wa Muttaka kira. Ya gaya masa cikin muryar babba cewa ba zai buga mako mai zuwa ba, khalas, magana ta ƙare.

"Yaya, na ci gwaji fa," in ji Muttaka. "Ƙafan ya warke. Bra Yusif ya gani da idonshi."

"Yusif ko ramin titi ba ya gani. Na ce ba za ka buga ba."

"Kai da ɗinki a jikinka ka buga, yau ga ka nan garau. Ni ne rago ke nan? Ko ɗan Nima kaɗai Allah ya ba ƙashi?"

Sauran 'yan wasa suka yi dariya, suna jiran babba ya mayar da martani. Duk hujjar da zai kawo, shi da kansa ya rushe ta tun tuni, da bakinsa, a gaban shaidu. Ya ga sarai cewa yaron zai shiga filin nan ko da izini ko babu, kuma idan gwiwar ta tafi aikin ya tafi. Abu guda ne zai tsayar da shi, abin kuma yana Al Wakrah. Tsoro ya kama Abdul-Ganiyu irin wanda ƙaton da ya faɗa masa bai sa shi ba.

"Je ka yi wanka," ya ce. "Yalla, yau za ka raka ni sayen kifi."

A hanya Abdul-Ganiyu yana ta shirya jawabi a zuciyarsa, mai gabatarwa da nasiha, wanda zai fito da shi a matsayin mutumin da ya sadaukar da gwiwarsa don ƙungiya. Ya ajiye motar a bayan wani ƙaramin masallaci kusa da tashar jiragen masunta, inda warin kifi ke gauraye da na turare. Suka yi alwala suka shiga.

Jawabin bai samu fitowa ba. Mai sharar masallacin, wani dattijo ɗan Bangaladash, yana hango shi ya washe baki, ya ruga lungu ya ɗauko wata koriyar kujerar roba da aka naɗe ƙafarta ɗaya da salatif, ya kafa ta a ƙarshen sahu, ya goge ta da hannun riga. Tsofaffin da ke jere a kan nasu kujerun, masu sanduna da masu farin gemu, suka ɗago hannu suna gaishe shi da suna. Ɗaya ma ya matsa masa. Kowa a wurin ya san kujerar Ganiyu.

Muttaka ya kalli kujerar, ya kalli mutumin da ya buga wasa da ɗinki a jiki. Abdul-Ganiyu bai yarda sun haɗa ido ba. Ya zauna, robar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, kunya ta rufe shi har yana jin zufa na bin bayansa duk da sanyin na'ura.

Aka gama huɗuba aka tada salla. Muttaka ya tsaya a gefensa. Da liman ya yi kabbarar sujada, sahu duka ya tafi ƙasa, Abdul-Ganiyu ya koma kan kujerarsa ya sunkuyar da kai iya inda ya saba. Goshinsa rabonsa da ƙasa tun shekarar bandeji. Ba ciwon ne ya fi damunsa ba, ba ma ɓoyon ba, wannan ne. Yakan kalli kafet ɗin nan a gabansa, kusa ƙwarai, ya ji kewarsa kamar ta gida.

A zaman tahiya, maimakon ya kula da sallarsa, Allah ya yafe masa, sai ya saci kallon yaron ta wutsiyar ido. Muttaka ya fara naɗe ƙafar hagu yadda ya yi a gaban Yusif, muƙamuƙinsa a ɗaure. Ya ɗan tsaya a haka. Sannan a hankali ya zare ta, ya miƙe ta gaba sambal a kan kafet, a gaban kowa, ya sauke numfashi.

Bayan an sallame suka fito suka tsaya wajen takalma. Abdul-Ganiyu ya ɗora ƙafa a kan dakali yana ɗaure igiya.

"Su Bra Yusif sun sani?" in ji Muttaka.

"Za su sani mako mai zuwa. Zan sa kujera a bayan mota."

Suka je kasuwa suka sayi kifin, don ba a komawa Sanaiya hannu rabbana bayan an yi shekaru ana cika baki. Nan ma Muttaka ya gano cewa gwanin kifin ko sunayensu bai sani ba, wanda ya fi kusa kawai yake nunawa.

Juma'ar da ta zo 'yan Al Mirqab suka yi wa Raƙuma cin kaca, Muttaka yana bakin fili riƙe da gorar ruwa yana zagin alƙalin wasa. Da aka tashi, fikof ta bi ayari zuwa masallacin Sanaiya, farar kujerar roba tana rawa a bayanta. Yusif ya gan ta ya buɗe baki, ya kalli fuskar mai ita, ya mayar ya rufe. Muttaka ne ya sauke ta ya kai ƙarshen sahu. Da ya ajiye ya juyo ya yi tambayar da aka saba.

"Yaya, ya ƙafan?"

Abdul-Ganiyu ya dafa kafaɗarsa ya zauna.

"Babu sauƙi," ya ce. "Kai dai ka kula da naka."