Ranar Da Na Mai Da Yayana Direbana

Malam Edita, bayan sallama, ka ba ni ɗan fili a mujallarka in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. A tsakiyar shekarun tamanin ni matashin injiniya ne a wata masana'anta da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyadh. Ina da gidan haya a unguwar Suwaidi, da mota mai sanyi, da albashin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan riƙe ba. Ina kuma da girman kai, wanda a lokacin nake kira wayewa. In na saka farar jallabiya na fesa turare, gani nake saura ƙiris in zama Balarabe, alhali Larabcin nawa ma na kame-kame ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ina da yaya guda, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Da mahaifinmu ya rasu shi ya bar makaranta ya shiga tasha, ya yi karen mota har ya zama direban gingimari, da guminsa na yi karatu tun daga firamare har na gama jami'a. Ya riga ni zuwa Saudiyya, yana tuƙa motar kaya a wani sito da ke unguwar Sulay, yana kwana a ɗakin ma'aikata su da yawa, gado bisa gado. Bai taɓa kiran sunana ba, Auta yake ce mini, ko a gaban wa. Mutum ne mai barkwanci, in ya gan ni cikin jallabiyar nan sai ya ce to, ga Auta ya zama shehi, saura raƙumi. Duniya ba abin da yake so irin mota. In injin ya yi tari daga nesa zai tsaya ya saurara kamar mai jin waƙa.

Wata rana aka fara maganar tseren motoci da za a yi a hamada, bayan gari. A wurin aikinmu ba a da wata hira sai ita, har na ji mudir ɗinmu, wato shugaban sashenmu, yana cewa zai je. Na gaya wa Yaya, na ce ni zan kai shi, ni zan biya. Wallahi ban taɓa ganin babban mutum ya yi murna irin ta ranar ba. Ya ce tun yana yaron mota yake ganin hoton motocin tsere a jikin kalanda, bai taɓa sa ran zai gansu da idonsa ba. Ranar Juma'a za a yi tseren, ita ce kuwa kaɗai ranar hutunsa, ita yake wanki, ita yake barci, amma ya ce wanki ya jira. Da muka sauko masallaci na same shi ya ci ado da shaddarsa guda ɗaya ta sallah, da hula zanna, yana ta tsokanata wai yau Auta zai biya bashin goyo.

A bakin shiga ido ya raina fata. Kuɗin tikitin da aka faɗa mini ashe na tsayuwa ne a bayan waya, cikin rana, inda ake cunkushe kamar awaki a kasuwa. Can gefe kuma ga manyan tantuna masu darduma da kujeru, kuɗin shigarsu ya ninka wancan sau ban san adadi ba, kusan abin da Yaya yake samu a wata. Na laluba aljihu. Abin da ke ciki zai sayi tikitin tsayuwa biyu har da canji mai yawa, ko kuma na tanti guda ɗaya tak. Yaya ya ce mu sayi na tsayuwa mana, ai ido ne zai yi kallo, ba mazaunai ba. Har na juya zan bi layi, sai ga mudir ya fito daga motarsa tare da abokansa. Ya gan ni, ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ko tanti zan shiga. Kafin in yi tunani bakina ya ce ƙwarai kuwa.

Sai ya dubi Yaya, ya dubi hannayensa masu kanta da takalminsa na roba, ya ce wannan fa? Yaya ya riga ya fara murmushi, ya miƙa hannu zai gaisa. Ni kuwa na ce da Larabci, direbana ne. Ban tsaya nan ba, Malam Edita, don in ƙarya ta fito sai ta nemi 'yan rakiya. Na ciro makullin mota na jefa masa, na ce ya je ya zauna wurin mota, kada ya yi nisa, na faɗa da irin muryar da nake ji ana yi wa masu aiki. Makullin ya faɗi cikin yashi. Yaya ya fi ni jin Larabci, ba abin da ya wuce shi. Ya janye hannun da ya miƙa, ya sunkuya a gaban mutanen nan, da shaddarsa ta sallah, ya tono makullin, ya kakkaɓe. Bai dube ni ba. Mai gadi ya daka masa tsawa ya nuna masa can nesa inda direbobi suke, wurin da ko inuwar sanda babu.

To me na gani a tantin? Wallahi tallahi ban ga komai ba. Tikitin nawa na layin ƙarshe ne, gabana ƙeyoyin manya da rawunansu. Mudir da na sayar da mutuncin gidanmu dominsa ya wuce wani tanti na ciki wanda kuɗi ma ba ya kai mutum sai sanayya, bai sake waiwayata ba. Hanyar tseren tana can nesa. A zauna a yi ta jira, lasifika tana ta ƙara ba a jin abin da take faɗi, sai can a ji ruri, ƙura ta tashi, kowa ya miƙe, kafin in leƙa ta tsakanin kafaɗu an ce ai ta wuce. A sake zama. Ko launin mota ɗaya ban tantance ba. Lemon kwalba mai ɗumi aka sayar mini a kuɗin abincin yini, gahawar da ake zagayawa da ita kuwa tana ƙarewa kafin ta iso layinmu. Ƙura ta cika mini baki da hanci, farar jallabiya ta koma ja. Har aka tashi ban san wanda ya ci ba, na tambayi na kusa da ni shi ma bai sani ba. Na tashi ba tsuntsu ba tarko.

Rana ta yi sanyi na fito, ina ta shirya maganar da zan wanke kaina da ita. Na ce zan mai da abin wasa, tunda Yaya mai wasa ne. Na iske shi tsaye jikin mota, leɓɓansa sun bushe sun tsage, don ko ruwa ban bar masa ba. Ya goge motar tas, har tayoyi. Yana hango ni ya zagayo ya buɗe mini ƙofar baya, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi kallo lafiya?"

Na yi dariyar yaƙe na ce haba Yaya, wane irin abu ne wannan, ai dabara na yi saboda mutumin nan. Yaya ya ci gaba da riƙe ƙofar. Mutane suna wucewa, mota tana yi mana ham a baya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na shiga. Na zauna a baya, yayana ya tuƙa ni har ƙofar gidana a Suwaidi. A hanya ya tambaye ni yadda motocin suke, cikin ladabi, ni kuwa don kada in ce kuɗina sun tafi a banza sai na shiga zuba masa ƙarya, ina kwatanta masa gudun da ban gani ba. Ya ce madalla. Da muka isa ya miƙo mini makulli da hannu biyu, ya ƙi shiga ya sha ruwa, ya tari motar haya ya koma Sulay.

Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Ashe ba fushi ba ne, da fushi ne da ya huce. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata gida ba, ko mahaifiyarmu har ta rasu ba ta san wannan magana ba. Bai kuma yanke zumunci ba. In na je Sulay zai miƙe tsaye ya ba ni wurin zamansa, ya ce ranka ya daɗe. Na kai masa agogo, na kai masa rediyo, ya karɓa ya yi godiya irin wadda ake yi wa ubangida. Da muka dawo gida Najeriya ma haka, a wurin suna, a wurin biki, a gaban 'ya'yansa da nawa. Dangi suna yaba masa, wai dubi yadda yake girmama ƙanensa mai ilimi. Kowane yabo kamar a watsa mini ruwan zafi. Ba wasa, ba tsokana, ba Auta.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi na je na durƙusa gaban gadonsa, lokacin ni ma furfura ta cika mini kai. Ya yunƙura zai tashi ya ba ni wuri, na danne shi ina kuka, na ce don girman Allah ya yafe mini, ya kira ni yadda yake kirana ko sau ɗaya ne. Ya daɗe yana kallona, ba alamar ƙiyayya a fuskarsa. Ya ce, "Yafiya kam na yafe tun a ranar, ranka ya daɗe. Amma Auta na ga shigarsa tantin nan, na jira har yamma ban ga fitowarsa ba." Bai ƙara kwana da yawa ba Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne akwai abin da yafiya take gogewa a wurin Allah amma ba ta dawo da shi a duniya. Ku matasan da kuke fita ƙasashen waje neman abinci, za ku tarar da wurare masu tsada da aka gina don a raba mutane, a sa na ciki ya ji ya fi na waje, kuma sau da yawa ba komai a cikin sai ƙura. In aljihunka bai isa ya shigar da kai da naka ba, ku tsaya tare a rana. Wanda kake jin kunyar nunawa yau, duba da kyau, wataƙila a bayansa ka hau har ka kai inda ake ganinka. Mudir ɗin nan ko sunansa na manta. Ni kuma yanzu duk duniya ba sauran wanda zai ce mini Auta.