Kwalaben Fiddausi a Firjin Laraba

Laraba 'yar Tsiga ce. A gidan noma ta tashi, ta iya kaɗi tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Aure ya kawo ta Funtua, kuma tun da mijinta Ɗanasabe ya rasu, ƙanƙara da zoɓo take sayarwa. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma 'yarta Fiddausi tana digiri na biyu a Zariya.

Wata Talata cikin bazara Fiddausi ta zo da kular ƙanƙara. A ciki akwai 'yan kwalabe goma sha biyu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, da takardar suna manne a jiki. Firjin ɗakin gwajinsu ne ya lalace, shi ya sa ta kawo su firjin Laraba.

"Ba dai cuta kika kwaso mini ba ko?"

"A'a, Inna. Daga wasu halittu aka tatso su, arkiya, ido ba ya ganinsu, a tafasasshen ruwa suke rayuwa. A cikinsu akwai zaren gado da ake kira DNA. In ya tsinke, wani sinadari ke nemo ɗan'uwansa ya ƙulla. Akwai kuma wani furotin da ke naɗe zaren, kamar a mazari. Ina auna ko naɗin na hana mai ƙullin aiki ne, ko taimakonsa yake."

Wannan kam Laraba ta gane. In naɗi ya yi tsauri, bakin zare ɓuya yake.

"Aikin shekara biyu ne, Inna. Kar su narke. Ranar Juma'a zan dawo."

Ranar Laraba da hantsi taransifomar unguwa ta ƙone. Kafin azahar ƙanƙara ta fara zufa. Laraba ta kira Fiddausi ya fi sau goma, waya a kashe. Masu saye suka zo ta sallame su. Ta buɗe firjin, ta tuna buɗewa na korar sanyi, ta rufe, sai kuma ta sake buɗewa. Ranar ba a ɗora tukunya a gidan ba.

Washegari maƙwabcinta Malam Shitu mai shayi ya yi sallama, ya same ta zaune a gaban firjin.

"Yaya Laraba, 'yar boko ta bar miki kiwon da ba ya cin dusa?"

"Bar wasa, Malam Shitu. Ruwa ya taru a ƙasa."

Ta ba shi labari. Sai ya ce, "Abin da gidansa tafasasshen ruwa ne, sanyi ai kurkuku ne a wurinsa. Kawo in zuba su a filas."

Maganar ta shiga kunnenta, amma ba ta zauna ba. A Tsiga ba a zuba iri duka a gona ɗaya. Ta raba biyu. Shida suka shiga filas ɗin Shitu, shida ta naɗe da ragowar ƙanƙara a buhu, ta tura gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi. Daga nan ta kasa kallon ko ɗaya.

Fiddausi ta iso Juma'a da safe. Ta fara da filas. Kwalaben na nan, amma takardun sun saɓule suna yawo a ruwa, tawada ta wanke. Ba a sanin mai naɗi, ba a sanin mai ƙulli.

Ta daɗe tana kallo. Laraba na tsaye a bakin ƙofa, ta kama gefen zaninta.

"Zafin ne ya kashe su?"

"Wataƙila ma sun jure zafin, Inna. Sunansu ne ya tafi."

Laraba ta nuna randa da haɓa. Fiddausi ta tone yashin. Ƙanƙarar ta rage kamar ƙwan zabo, rubutun yana nan.

"Waɗannan za su isa?"

"Sai an gwada."

Fiddausi ta rungumi kular ta fita neman ƙanƙara a wata unguwa. Laraba ta bi ta har titi, ba takalmi.