Yaya Rifkatu da Bargon Laraba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Yaya Rifkatu, yayar maigidana. Da jikata ta tuna mini sai da na yi mata musu, don a wurina kamar bara waccan muka dawo daga maƙabarta. Waɗanda suka san ta a Tudun Wadan Zariya sun kusa ƙarewa, ni kaina sai na ɗora tabarau na matsa jikin taga kafin in ga abin da nake rubutawa. Shi ya sa na ce gara in faɗi abin da na gani da idona tun ina iyawa.

Yaya ba ta riƙe wani muƙami ba, ko a coci ko a unguwa. Waina take toyawa da safe a ƙofar gida, mijinta Malam Ishaya kuma akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Doguwa ce mai kaifin baki, kuma Allah bai ba ta baiwar yabo ba. In ta ci tuwonki ta ce "ba laifi", to ranar kin taki sa'a, ki je ki ba maƙwabta labari.

An kawo ni gidan ƙanenta ina amarya a tsakiyar shekarun 1950. A lokacin babu acaɓa, babu keke mai ƙafa uku, sai kekunan malaman makaranta da na akawuna, kuma in an yi ruwa sai kin tattare zani kafin ki tsallaka layinmu. Kowace Alhamis bayan la'asar mata sukan taru a tsakar gidan Yaya, gindin wata gwaba, ana ɗinkin abin da muke kira bargon ƙyalle. Ragowar yadin da teloli ke zubarwa ake tarowa, a yanka ƙanana-ƙanana, faɗin yatsa huɗu tsawon yatsa huɗu, a yi ta haɗawa da allura da zare har ya kai girman gado. Sai a sa tsohon gwado a tsakiya, a rufe baya da tsohon zani, a bi shi da ɗinki. Wata Baturiya ce ta koya wa Yaya tana yarinya a makarantar mishan. Yaya takan ce ita Baturiyar da rula take awo, mu kuwa da tamu rular aka haife mu. Yawancinmu 'yan coci ɗaya ne, amma akwai Inna Mairo, matar wani tela Musulmi da ke bayan gidan. Ita ke kawo mana ƙyallaye cike da kwando, ta zauna ta yi nata ɗinkin.

Babbar ranarmu ita ce ranar musaya. Sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke sanyi ya fara leƙowa, kowa takan zo da bargon da ta gama. A kewaya a zauna a kan tabarmi, kowa ta shimfiɗa nata a tsakiya, a duba gaba, a juya a duba baya inda ake ɓoye ɓarna, sannan ta naɗe ta miƙa wa wadda ke hannun damanta. Ba wadda ke komawa gida da nata. Babu kuma zancen "nawa bai yi kyau ba, sai baɗi". In kin ɓoye, har ɗaki Yaya za ta bi ki ta zaro shi daga ƙarƙashin katifa.

Da na shimfiɗa nawa na farko, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan kamu guda, tsakiyar kuma ta tattare kamar ganda. Yaya ta ɗaga shi sama ta ce, "Amarya, wannan na mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera ne?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ido cike da ƙwalla. Amma Inna Mairo ce a damana, ta karɓa da hannu biyu, kuma a cikinsa 'ya'yanta suka yi ta barci har ya mutu. Kowa ta sha irin wannan a bakin Yaya, har matar Fasto. Bargon Yaya kuwa ba a samun abin faɗa a jikinsa, don haka tun azahar mata ke zuwa kama wuri a daman inda ta saba zama.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Bargo yanzu a leda yake zuwa daga ƙasashen waje, mai laushi, da hoton damisa a jiki, ba wanda ya san hannun da ya yi shi. Jikokina suna ɗinki, keken ɗinkinsu ma da lantarki yake aiki, amma in sun gama sai su ɗauki hoton gefen da ya yi kyau su tura wa ƙawaye a waya, ƙawayen su yi ta zuba yabo. Ba mai juyawa ta ga baya. Ina jin da an miƙa wa Yaya wayar, juya ta za ta yi tana neman inda aka ƙulle zare.

Ina goyon 'yata ta fari lokacin da wata mata mai suna Laraba ta shigo cikinmu. Kuturta ta kama ta da sauran ƙuruciyarta, ta yi shekaru a asibitin kutare, har aka zo da sababbin ƙwayoyi, likitoci suka ce ta warke, ba za ta sa wa kowa ba, suka sallame ta. Ta fito ta tarar ba ta da wurin komawa sai gidan wanta a Tudun Jukun. A coci bencin ƙarshe take zama ita kaɗai, a gida kuma kwanonta daban, moɗarta daban. Yaya ce ta tare ta a bakin coci ta ce ta zo ranar Alhamis, ba tare da ta shawarci kowa ba.

Ciwon ya tafi, amma ya tafi da rabin yatsunta. Awon yatsa huɗu ba ya yiwuwa gare ta, da ido take yanka, wani ƙyallen ya fito babba wani ƙarami. Allura kuwa da tafin hannu take tura ta, ta jawo da haƙori. Duk muna gani. Ba wadda ta taɓa faɗa mata baƙar magana, kirki ma har ya yi yawa. "Sannu Laraba." "Kai, Laraba, kin iya!" Daga nesa ake faɗa, hannu a kan cinya. Tana fita kuma a fara ƙus-ƙus cewa kowane zare na bargon nan ya bi ta bakinta, wa za ta rufa 'ya'yanta da shi? Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Mun taso muna ganin abin da ciwon nan ke yi wa mutum, kuma maganar likita ba ta wanke wannan a rana ɗaya. Ni ma da jaririya a bayana na ji tsoron.

Laraba ba yarinya ba ce, ta san me ake ciki. Da musaya ta matso ta ce wa Yaya, a gabana, ita ba za ta zo ba, za ta bar wa kanta bargonta. Yaya ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ba a yin haka a gidan nan." Kowa ta san abin da ke gaba. In Laraba ta miƙa bargo aka rasa mai karɓa, za ta naɗe abinta ta koma Tudun Jukun, kuma ba za ta sake taka gidan kowa ba. Gidan Yaya ne kaɗai inda take zama a tabarma ɗaya da mutane.

Ranar musaya an zo da wuri kamar kullum, gindin gwaba ya cika har ana ture juna. Laraba ta zo ta zauna can wajen randa. A damanta aka bar filin da mutum biyu za su zauna su miƙe ƙafa, kuma duk wadda ta ga ita ce ta fi kusa sai ta tashi wai za ta duba yaro, ta dawo ta sake wuri. Yaya ta fito daga ɗaki da bargonta a kafaɗa, ta dubi gindin gwaba, ta dubi filin, ta je ta zauna a cikinsa, gwiwarta na taɓa ta Laraba. Matar da tun azahar take gadin wuri ta ce, "Yaya, ga wurinki nan." Yaya ta ce, "Inuwa ta yi mini yawa yau."

Da aka zo kan Laraba sai ta shimfiɗa nata. Gaskiya bargon ya karkace, ɗinkin wani wuri manya-manya wani wuri a cunkushe. Wata ta buɗe baki za ta fara yabo, sai Yaya ta jawo shi kan cinyarta. Ta juya baya, ta bi shi da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ja ɗinkin ta ga ko zai saki, bai saki ba. Ta sami wani zare yana reto, ta sunkuya ta sa haƙori ta datse shi yadda take yi wa na kowa, ta tofar. Na ji Inna Mairo ta yi salati a hankali.

Sannan Yaya ta ce, "Laraba, karkacewar nan na yafe miki, na san dalili. Amma ciwon bai taɓa miki ido ba. Wa ya ce ki jera ja kusa da ruwan goro har layi uku? Bargo ne ko gobara? Wannan bakin kuma ba ki ninka shi biyu ba, ƙyuya ce kawai."

Laraba ta ce da ɗan zafi, "Ai abin da ya rage a kwandon ke nan, Yaya. Kun kwashe shuɗin duka kafin ya iso kaina." Sai a lokacin na lura duk shekarar nan ita ke ɗiba a ƙarshe, don kada ta taɓa abin da wata za ta ɗauka. Yaya ta ce, "To baɗi ki sa hannu da wuri, wa ya riƙe ki?" Ta naɗe bargon ta ɗora a cinya, aka ci gaba.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Mata biyu sun daina zuwa, ɗaya har ta hana 'ya'yanta sayen wainar Yaya. Malam Ishaya ya ce ba da shi ba, ya koma wa tsohon gwadonsa. Yaya ta rufa da bargon ita da autarta sanyin shekarar duka, in ta wanke kuma ta shanya a igiyar ƙofar gida inda kowa zai gani, kuma ba abin da ya same su. Da shekara ta kewayo ta koma gindin gwabarta, ta ce ita ba ta cin bargon mutum ɗaya sau biyu. Inna Mairo ce ta zauna a daman Laraba, tana mita wai Allah ya sa bana an sami shuɗi. Laraba ta yi shekaru tana zuwa, ni ma na taɓa samun nata, kuma ɗinkinta bai taɓa miƙewa ba.

Taron ya watse tun kafin Yaya ta rasu. Bargon kanti ya yi araha, teloli suka gane ƙyalle ma abin sayarwa ne, idanunmu kuma suka yi rauni. An sare gwabar an yi shaguna, yanzu cajin waya ake yi a inda muke shimfiɗa tabarma. Bargunan sun zama tsumma, ban san ko akwai guda da ya rage ba. Kuturta kanta yaran yau da yawa ba su taɓa ganin mai ita ba. Amma barin fili a tabarma bai ƙare ba, ina ganinsa a coci, ina ganinsa a gidan biki, sunan ciwon ne kawai ke sakewa, kuma har yanzu mun ƙware a "sannu" daga nesa. In an tambaye ni abin da Yaya ta bari, ba zan ce kirki ba, don masu kirki sun cika tsakar gidan nan a ranar, kuma kirkinsu bai tsinana wa Laraba komai ba.

Ranar zaman makokin Yaya, Laraba ta zo, ta tsufa, jikar wanta na riƙe da hannunta. Mata suna ta faɗin alherin marigayiya, har da abin da ba nata ba, wai mai haƙuri ce, mai sanyin hali. Laraba ta saurara har ta gaji, sannan ta ce, "Ku daina yi mata ƙarya, ba ta da sanyin hali ko kaɗan. Tun da na fito daga asibiti kowa lallashina yake yi. Ita ce ta fara yi mini faɗa." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ko 'ya'yan da Yaya ta haifa ba su yi irinsa ba.