Liyarin da ke Cikin Randar Inna

A gidanmu na unguwar New Bell akwai randa a bayan ƙofar ɗakin Inna, a ƙasanta kuma akwai tsohon liyari, irin kuɗin azurfar nan da mata ke ratayawa a wuya. Kakarmu ce ta zo da shi daga arewa. Inna takan ce ruwan da azurfa ta kwana a cikinsa ba ya wari. Ban taɓa jin ruwan randar ya canza ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

A shekarun da tattalin arziki ya karye, albashi ya daina fita, maganin farmasi ya fi ƙarfin mutane, ina da tebur a bakin kasuwa. Batir, sabulu, man zafi, duk abin da ke tafiya ina sayarwa. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo mini 'yar na'ura: wayoyin azurfa biyu da batir. A tsoma wayoyin a ruwa mai tsabta, bayan ɗan lokaci ruwan ya ɗauki launin shayi marar kauri. Ya ce a ƙasashen da yake zuwa sha ake yi, yana kashe ƙwayoyin cuta.

Ni ba na sayen kaya da daɗin baki. Na raba madara kofi biyu, na zuba ruwan a ɗaya. Wadda ban zuba wa ba ita ta riga yin tsami. Na shafa a wani ƙurji a ƙafata, ya bushe. Na tuna randar Inna, na ce ashe abin da tsofaffi suka sani ne Turawa suka sa wa batir. Na fara ɗura ruwan a kwalabe ina sayarwa.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, yana aiki a wani ɗakin gwajin jini a unguwar Bonamoussadi. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, kamar yadda al'ada ta ba mu. Ni in kira shi bawana, shi ya kira ni ɓarawon kasuwa, a gaban kowa, ba mai jin haushi. Wata Asabar ya tsaya a teburina, ya ɗaga kwalba yana dubawa a rana.

"Dokta, yaushe aka ba ka takardar? A layin masu kifi?"

"Bawa, ajiye kayan ubangidanka. Yana kashe cuta ko ba ya kashewa?"

"Yana kashewa," in ji shi, yana dariya. "A kofi. Azurfar tana sakin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, su manne a jikin mikrob, ƙwayar cutar ke nan, su huda fatarsa, su toshe masa numfashi. Shi ya sa asibiti ke sa man azurfa a kan ƙuna. Amma cikin mutum ba randa ba ne, abokina. Gishirin jiki da tsamin ciki suna kama ta tun kafin ta je ko'ina. Wadda ta saura ta zauna a fata, ka zama kalar toka. Ko da yake kai zai ƙara maka kyau."

Na rama, muka yi dariya, ya ɗauki sabulu bai biya ba ya tafi. Duk bayanin na ji shi, har yau zan iya maimaitawa. Amma daga bakin da ya saba ce mini ɓarawo ya fito, sai na ajiye shi inda nake ajiye sauran.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika kwatoci ya shiga rijiyoyin unguwa, yayata ta kwanta da zazzaɓi. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, da kaskon wainarta. Kwana biyu zafin jiki bai sauka ba, ta ce, "Auta, ko dai asibiti?"

Na ce, "Yaya, ba ni kwana uku. Ga magani a hannu."

Ba rowa na yi ba, da na so kai ta ina da hali. Na yarda da kayana ne. Cokali safe, cokali yamma. Kwana uku suka zama tara, don kullum ina ganin kamar ta ɗan fi jiya. Ita kuma ba ta sake maganar asibiti ba, kada ta kunyata ni. Ran na goma cikinta ya yi tauri, ko taɓawa ba ta bari a yi. Na tare tasi.

Taifot ne, ya riga ya huda hanji. Aka yi mata aiki. Likitan ya ce da ta zo a makon farko, ƙwayoyi kawai za a ba ta.

Taubashina ya same ni a barandar asibitin. Na shirya jin "ai na faɗa maka". Sai ya ba ni hannu ya gaishe ni kamar baƙo, ya zauna. Can ya ce, "Da na ja ka gefe na faɗa maka ba dariya." Na ce masa ba shi ya ba ta cokalin ba.

Yaya ta tashi, amma ba ta ƙara iya zama gaban kasko ba. Ta koma wajen 'yarta a unguwar Logbaba. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar tafiyarta abu ɗaya ta nema a gidan, liyarin Inna. Yana cikin randarta yanzu. Duk sanda na je takan sa a ɗebo mini ruwan, ta ce, "Sha, Auta, an tafasa."