Hajiya ta yafe, ni ban yafe wa inshora ba

Mun tsaya a Ƙofar Kaura ke nan, wata motar bulo ta dake mu ta baya. Fasinjata, wata Hajiya da ta kira ni ta waya in kai ta Ƙofar Durbi, ta bugu da kujera, hannunta ya karye.

Kafin ka ce mi, jama'a sun taru. "Ƙaddara ce, Allah Ya tsare gaba, a janye motoci."

Na ce ba mai taɓa motar nan sai na ɗauki hoto, 'yan sanda sun rubuta rahoto.

Direban motar bulon ya durƙusa yana roƙo. Hajiya, tana riƙe da hannu, ta ce, "Ɗana, ni na yafe. A bar wa Allah."

Na ce, "Hajiya, ki yafe mashi, lada ce. Amma kamfanin inshora bai roƙe ki gafara ba. Duk shekara ina biyan su don rana irin wannan, kuma inshorar haya na yanka, wadda ta haɗa da fasinja, ba takardar nuna wa 'yan sanda ba."

Wani dattijo ya ce na cika taurin kai. Na ce na gode, Baba.

Na sha zirga-zirga da takardun asibiti, amma 'yan inshora sun biya kuɗin ɗorin hannun nan. Jiya Hajiya ta aiko mani da dambun nama, da hannun da ya karye ɗin ta daka shi.

Direbobi, ku buɗe takardar inshorarku ku karanta, ku faɗa mani: wa ta rufa wa asiri, ku ko 'yan sandan shingen hanya?