Yaya Sale da Hoton Bayan Zana

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Sale mai hoto na Batsari. Idan na waiwaya, ba ranar da aka ce mini ya rasu ke fara zuwar mini ba. Abin da ke fara zuwa shi ne wani gidan suna a ƙauyen da ke kusa da Babban Duhu, da hantsi, ina durƙushe gaban mai jego da kyamararsa a hannuna. A ɗan allon bayan kyamarar akwai wani akwati kore da ke bin fuskar mutum duk inda ya juya. Yana kan fuskar mai jego tana gyara wa jariri hula, sai na ga ya bar ta, ya koma kan wata kafa a jikin zanar da ke bayanta. Fuskarta ta dushe, abin da ke cikin kafar ya fito tas. Yatsana ya riga ya danna. Sai wata tsohuwa ta ja mini hijabi wai in ɗauke ta da sabuwar atamfarta, na juya.

Bari in faɗi yadda aka yi kyamara ta zo hannuna. Da farko Yaya da babbar kyamara yake aiki, irin mai nauyin nan da ke barin shaida a wuya. Daga baya ya samo ƙarama daga Kano, ta hannu, wadda ba ta fi tafin hannunsa ba in an cire mata ido. Ya yi mini bayani cewa a cikin babbar akwai madubi da ke ɗagawa ya faɗi duk sanda aka danna, shi ne ƙarar da ake ji. Wannan ba ta da shi, shi ya sa ta yi ƙanƙanta, kuma in ya ga dama sai ta yi aiki shiru. Abin da ka gani a allo shi zai fito a hoto. Tana gani a ɗaki mai duhu ba sai an haska wa jariri wuta a ido ba, bidiyonta kuma ba ya rawa ko kana tafiya. Mutanen ƙauye ba su ɗauke ta da daraja ba. Wani dattijo a Safana ya taɓa tambayarsa ko ta 'ya'yansa ce ya ɗauko bisa kuskure. Dattawa kuwa ba sa yarda an ɗauke su sai sun ji ƙas, don haka in ya zo gabansu sai ya kunna mata ƙarar ƙarya, kowa ya tashi ya gamsu.

Wurin da ba ya iya shiga shi ne cikin gida, kuma a can rabin biki yake. Ina gama sakandare ya ce in zo ya koya mini. Koyon bai wuce kwana uku ba, don kyamarar ita ke nemo fuska da kanta. Nakan sa ta a ƙarƙashin hijabi in shiga kamar kowace baƙuwa, shi yana waje wurin maza da tsohuwar babbar. Yana da doka ɗaya. Hoton cikin gida ba ya kallo. In na gama, sai in tura daga kyamara zuwa wayata, daga wayata zuwa ta matar gidan, in goge komai kafin in fito. Na taɓa ce masa ya duba ko ɗaya ya ga ko hannuna ya faɗa. Ya ce, "Matan mutane ne, Rabi. Ke ki gani, su su gani. In kin yanke wa wata kai, ai da kanta za ta biyo ki har gida."

Ranar sunan nan ban zaɓi hotuna ba. Ƙa'ida ita ce in duba ɗaya bayan ɗaya in cire waɗanda suka lalace, amma azahar ta gota, kuma a yankinmu ba a bari la'asar ta riski mutum a hanya. Yaya na ta danna hon a ƙofar gida. Na tura wa ƙanwar mai gidan duka, na goge, na fito. A kan mashin na yi tunanin in gaya masa akwatin ya yi wani abu, sai na rasa me zan ce na gani.

Kafin sati hoton ya zaga wayoyi. A cikin kafar zanar akwai wani mutum da kowa ya sani, mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, wanda ake sallah sahu ɗaya da shi. Yana tsaye yana nuni da hannu, mutum biyu rataye da bindiga suna saurarensa. An daɗe ana cewa akwai infoma a yankin, mai kai wa mutanen daji labarin gidan da ke da shanu da ranar da mai gida ba ya nan. Ga fuskarsa nan, har tabon goshinsa. Kafin a je gidansa ya shige daji.

Ranar kasuwar Batsari mutane suka riƙa tsayawa a rumfar Yaya suna ce masa sannu da aiki, shi bai san aikin da ake nufi ba. Da aka miƙa masa waya ya hango mace a gaban hoton, sai ya kau da kai. Ya dawo gida ya tambaye ni, na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce akwatin nan fuskar da haske ya fi samu yake bi, bai san ta mai jego ba, bai san ta ɓarawo ba. Washegari da safe ya sa ni a motar Katsina zuwa wurin gwaggonmu. Shi ya ƙi tafiya. Ya ce ya yi wa mutane alkawarin biki a Ruma, kuma ba zai bar Inna ita kaɗai ba. Ba a cika sati biyu ba aka tare su a hanyar dawowa daga bikin, shi da Hamisu ɗan acaɓar da ya goyo shi. Aka kashe Yaya a wurin. Hamisu aka tafi da shi, da aka sako shi kuma bai kwana biyu a gari ba ya yi Kudu, bai yi magana da kowa ba.

Ban je zaman makoki ba, kawunmu ne ya hana. Dalili a fili yake. Duk wanda ya kalli hoton da hankali zai gane daga cikin gida aka ɗauka, inda namiji ba ya shiga, kuma mata sun fi ashirin da suka gan ni. In ɗaya ta ambaci sunana ya isa, ko da ba da mugunta ba. Haka na zauna shekara huɗu. Ba na fita sai da niƙabi. In mashin ya tsaya a ƙofar gida, sai na ji an yi sallama na gane murya nake komawa abin da nake yi. Ba na shiga hoton biki. Gwaggo ta gaji da cewa in kwantar da hankalina, har ta daina.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bara na raka Gwaggo kasuwa, muka wuce shagon kayan hoto, na tsaya ba da niyya ba. Mai shagon ya nuna mini sababbi. Sun fi tasa sauƙin nauyi, batirinsu ya fi jimawa, wasu kuma har idon dabba suke ganewa su bi shi. Wannan kam da ya burge Yaya. Makiyaya abokan cinikinsa sun fi son hoton bijiminsu a kan nasu, kuma yakan sha wahala da sa, don ba a ce wa sa ya tsaya cak. Amma wa zai ɗauka? Ƙauyen da aka yi sunan ba kowa a cikinsa yanzu. A wasu garuruwan namu, in ana taro, ko waya mutum ya ɗaga sai an tambaye shi me yake ɗauka. Kyamara ta ƙara iya gani, mutanenmu kuma sun ƙara tsoron a gan su. Ina jin da yana nan, da ya koma ɗaukar fasfo a rumfarsa, farin ƙyalle a baya, fuska ɗaya ɗaya, kowa da izininsa.

Abin da ya bari ba shi da yawa. Kyamarar ba ta dawo ba. Akwai hotunansa rataye a ɗakunan mutane daga Batsari har Safana, wasu ma an kwashe su cikin kayan gudun hijira, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Na shi kansa guda ɗaya muke da shi, na katin zaɓe. Da a ce bara aka tambaye ni, da iyakar abin da zan lissafa ke nan.

Sati uku da suka wuce Kawu ya zo Katsina ba tare da ya yi waya ba. Ya same ni a tsakar gida ina tsintar shinkafa, an idar da la'asar ke nan. Bayan an gaisa ya sha ruwa, ya ce Hamisu ya dawo gida, domin ya samu tabbacin mai fetur ɗin ya mutu a daji tun damina, mutanensa kuma sun watse. Shi ne sai yanzu bakinsa ya buɗe.

Hamisu ya ce da aka tare su, mai fetur ɗin da kansa ya tambayi Yaya wace mace ce ta ɗauki hoton. Yaya ya ce ba wata mace, shi ne. Aka ce ƙarya yake, namiji bai shiga gidan ba. Ya ce ai ba sai ya shiga ba. Ya roƙa aka ba shi jakarsa, ya fito da kyamarar, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ya karyo allon ƙasa yadda zai riƙa gani daga inda yake tsaye, ya nuna musu yadda ake leƙa gida ta saman danga ba tare da ƙara ba. Ya ce sana'arsa ke nan, duk gidan bikin da ya je sai ya leƙa matan ciki. Suka karɓa suka gwada da kansu, suka ga haka ne, har suna dariya. Hamisu ya yi wata biyu a hannunsu, ya ce bai ƙara jin an yi zancen wata mace ba, sai dai zagin mai hoto mai leƙen matan mutane.

Na tambayi Kawu ko maganar ta shigo gari. Ya ce ta shigo tun a lokacin, ta bakin wasu da aka sako, kuma akwai waɗanda suka yarda. Su Kawu ne suka ɓoye mana, ni da Inna. To ga ni na rubuta, wanda ya ji waccan ya ji wannan. Sale bai taɓa leƙa gidan kowa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta namu zuwan.

Daga nan Kawu ya ce, "Ba mai nemanki, ɗiyata. Tun ranar ma ba mai nemanki. Ki haɗa kayanki, jibi akwai mota, uwarki na jira."

Na ce masa to. Ƙarfe huɗu da rabi ne lokacin, na duba agogon bango. Ban tashi daga wurin ba sai da aka kira magariba.