Motar da Malam Ya Shekara Uku Yana Zaɓe

Malam, maigidana, ya samu permin tuƙi tun ina da cikin fari, amma har ya ajiye alli bayan shekara talatin da wani abu yana koyarwa a lakkol a nan Madarumfa, ko tayar mota bai taɓa mallaka ba. Permin yana cikin gwangwanin biskit tare da takardun haihuwar yara. Duk sallah sai ya fito da shi ya goge, ya ce, "Hajiya, saura ƙiris." Ni ungozoma ce a asibitin gari, kuma na ji "saura ƙiris" ɗin nan har jariran da na karɓa suka fara kawo mini matansu.

Da kuɗin barin aiki suka fito, yaranmu suka cika masa, sai ga mota ta zo hannu. A watan ne kuma likitan ido a Maraɗi ya zaunar da mu ya ce, "Malam, ganin nan tafiya yake, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani sauri kawai zai rage masa." Muna fitowa na ce mu wuce wurin masu sayar da motoci yanzu-yanzu, ya tuƙa abarsa tun yana ganin hanya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Haka ake sayen mota, kamar tumatir? Sai an yi bincike."

Wayyo ni da bincike! Ba ya son ƙarama irin ta taksi, wai gwiwarsa za ta taɓa haɓarsa. Ba ya son kat-kat, ƙatuwar motar nan mai ratsa rairayi, wai ta manyan ma'aikata ce, za a ce ya ci kuɗin lakkol. Matsakaiciya yake so, mai ƙofa huɗu da wurin kaya a baya, kuma uku ne suka kai ƙarshe: ƴar Japan, ƴar Faransa da ƴar Jamus. Ƴar Faransa ita ce ƙaunarsa ta samartaka, ko a gindin iccen bedi aka tsaya akwai tsohon da zai gyara ta, amma ya ce ranar da ka tashi sayarwa sai ka haɗa da roƙo. Ƴar Jamus kuwa mai jin kai ce, ba ta son rairayi, ba ta shan man kwalba na bakin hanya, in ta yi tari sai an aika Kano. Ƴar Japan ita ce ba ta faɗuwa a kasuwa, ka sha ta shekara biyar ka sayar ba ka yi kuka ba.

Na ce to shi ke nan, an gama. Ya ce ina! Ai ƴar Japan iri biyu ce. Akwai haihuwar Japan, akwai mai sunan kawai wadda aka ƙera a Amurka, ita kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya so, don an yi ta ne saboda hanyar da ba ta san rami ba. Wurin ganewa ɗaya ne: ka buɗe ƙofar direba, ka durƙusa, ka karanta ƴar takardar da ke manne a jikin ƙarfe. Bakin dillali ba shaida ba ne.

Sannan sai ya ce dole ya san wadda ta fi shiga kasuwa, don motar da jama'a suka fi saye ita ce ba za ka rasa kayan gyaranta ba. Duk mako sai ya shiga taksi ya tafi Ɗan Issa, ya zauna a ƙofar shagon ƙanensa, inda motocin hannu da ake saukewa daga jirgin ruwa a Kwatano ke wucewa jere-jere za su ƙetara iyaka. Ya samu gwangwanin tumatir uku da wake cikin aljihu. Ƴar Japan ta wuce, ƙwas, ƙwaya ɗaya. Ƴar Jamus ta wuce, ƙwas. Shekara guda cur mutumin nan yana ciyar da gwangwani, ni kuma ina ɗiga masa magani safe da yamma ina ganin yadda ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

Wata rana ya tafi masallaci, na sauko da gwangwanayen nan na juye a tukunya. Ba kuskure ba ne, ban kuma taɓa cewa kuskure ne ba. Ya dawo ya ci shinkafa da wake, ya yaba, har ya nemi ƙari. Sai da la'asar na ji salati daga ɗaki.

"Hajiya! Kin dafa mini bincike?"

"Ƴar Japan ce ta fi yawa, ita ta cika tukunyar. Tashi mu tafi Maraɗi."

Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu ya koma Ɗan Issa, wannan karon da tsakuwa.

Haka aka ci shekara ta biyu, aka shiga ta uku. Ina faɗa, yana murmushi. Abin da ya tsinka mini zuciya, ƙanen nasa ne ya zo gaishe ni, ya yi ta murza hula, sannan ya ce, "Hajiya, Yaya fa yanzu ba ya duban hanya. Kunne yake karkatawa." Ranar na shiga madafa na yi kukana, na wanke fuska. Da safe na sa mayafi na ce masa ko ya bi ni, ko in tafi ni kaɗai in sayo masa ja mai ƙofa biyu. Jin ja ya sa ya nemi hularsa.

A Maraɗi wani dillali ya kai mu gaban wata mai ruwan toka, tsaf da ita, yana ta rantsuwa haihuwar Japan ce, wata tsohuwa ce ta yi ta zuwa kasuwa da ita. Duk motar Kwatano ai tsohuwa ce ta tuƙa ta. Malam ya zagaya yana shafa jikinta, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Ya buɗe ƙofar direba, motar ta yi ƴar ƙara, ƙin-ƙin-ƙin. Ya durƙusa. Ya matsa da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfe, ya cire tabarau, ya mayar. Ya daɗe a nan, ina kallon ƙeyarsa.

"Hajiya," ya ce a hankali, "inuwa ta yi yawa. Duba mini."

Rana ce tsaka, babu wata inuwa. Na durƙusa kusa da shi. Amurka ce rubuce ɓaro-ɓaro, ko ɗan aji biyu ya karanta. Na ɗaga kai, dillali ya riga ya fara zufa yana kallon sama. Na tuna tsakuwa, na tuna likita.

"Japan," na ce.

Dillalin ya dube ni baki buɗe. Ina jin tun da ya fara sana'a ba a taɓa taya shi ƙarya kyauta ba. Malam ya dafa ƙofa ya miƙe, ya ce a kawo takardu.

Ƙanensa ne ya tuƙo mu gida. Washegari da hantsi, lokacin da idon Malam ya fi buɗewa, ya kai mu filin Idi a bayan gari, ya sauka ya koma gindin gawo. Malam ya sa babbar rigarsa ta sallah, permi a aljihun gaba. Ya yi bismilla ya tayar. Motar ta yi tsalle kamar ɗan akuya ta mutu. Ya sake. A karo na uku ta tafi, a hankali, ni ina gefe ina cewa dama, hagu, Malam akwai tunkiya, shi kuma yana cewa ya gan ta, alhali bai gan ta ba. Ya zagaya filin sau uku. A zagaye na ƙarshe har ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana dariya irin wadda rabona da ji tun muna amarci.

Ya tsaya, ya kashe, hannunsa bai bar sitiyari ba.

"Ƴar Amurka ce," ya ce.

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Ƙarar ƙofarta. Shekara uku ina saurarensu, Hajiya."

"To don mi ka saya?"

"Ke don mi kika ce Japan?"

Na gyara mayafina. Can ya ce muddin yana bincike, shi mutum ne mai shirin sayen mota, amma ya san ranar da ya saya zai zama makaho mai mota, abin da yake gudu ke nan. Na ce masa ai da ya faɗa tun farko da wakena bai shekara a gwangwani ba. Ya zare makulli ya lalubo tafin hannuna ya sa.

"Ki je ki yi permi. Amma ki sani, ba ta son rami."

Na yi, ina da jikoki shida, a karo na biyu na ci jarrabawar. Yau shekara huɗu ina tuƙa ƴar Amurka, ta sha ramukan hanyar Sarkin Yamma ba ta ce uffan ba, shi kuwa har gobe cewa yake sa'a ce kawai. Yanzu haske da duhu kaɗai yake rarrabewa. Idan za mu Maraɗi karɓo magani yana zaune a gefena, mota ta wuce mu fuu, sai ya karkata kai ya ce, "Ƴar Jamus. Da ita muka saya." In ce masa ya sauka ya bi ta.

A bakin gari akwai inda jandarmomi ke tsayar da motoci. Duk sanda aka ce a kawo permi, kafin in buɗe jaka Malam ya riga ya zaro nasa daga aljihun gaba ya miƙa ta gabana. Ni kuma sai in ɗan daɗe ina neman nawa.